Goɗiyar da Ta San Hannu Ɗaya

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu, can tsakanin duwatsun arewacin Japan, ana ce da shi Genzo. Na daɗe ina son in ba ku labarinsa a shafin nan, amma duk sanda na fara sai in ajiye, don ba labarin daɗi ba ne.

Sana'arsa jawo gunguma daga daji da doki. Inda hanya ta ƙare, gangare ya yi tsanani, tarakta ta ce ba da ita ba, nan ake neman Genzo. Wannan aiki ba na hawa ba ne. Doki yana gaba, gungume yana biye a sarƙa, mutum yana tafe a ƙasa, ba abin da ya haɗa su sai igiya da murya.

Yana da wata jar goɗiya mai suna Azuki, ƙatuwa ta gaske. In ta tsaya a ƙofar barga sai cikin ya yi duhu.

In za a faɗi gaskiya, Genzo ya iya doki. Tun Azuki tana 'yar duƙusa yake fita da ita filin bayan gida kowace safiya. Ya koya mata bin igiya ba sai an ja ta ba. In ya tsaya ta tsaya. In ya ɗora yatsa a ƙirjinta ta ja da baya. Ta taka katako mai rawa, ta wuce ta gefen tamfol yana kaɗawa a iska ko kunne ba za ta girgiza ba. Da ya shafa bayan gwiwarta za ta ɗaga masa ƙafa, ta bar ta a hannunsa kamar ta ba shi ajiya. Bai taɓa dukanta ba, ko sau ɗaya.

To ina laifin? Ga shi nan.

A wajenmu, ƙaramin doki sai ya bi hannuwa. Abin da mai shi ya koya masa yau, gobe matarsa ta maimaita, jibi maƙwabci ya zo ya gwada. A ja shi ta hagu, a ja shi ta dama, kowa ya ɗaga masa ƙafa, har ya saba da mutane duka. Ba don ado ake yi ba. Doki yana daɗewa a duniya, mai shi kuwa yana ciwo, yana tafiya, yana tsufa.

Genzo ya ce shi sam.

"Kowa ya zo ya fizge ta yadda ya ga dama, ya ɓata mini aikin shekaru? Ku je ku yi da naku," in ji shi.

Bai tsaya nan ba. In wani ya miƙa wa Azuki hannu, sai Genzo ya buga katakon barga da tafinsa, bam! Goɗiya ta ja da baya. Sai ya zaro yankin tuffa daga aljihu ya ba ta. A hankali ta haddace karatun: duk hannun da ba na Genzo ba a guje masa, za a samu tuffa.

Ko 'yarsa Sumie ba ta tsira ba. Ita kaɗai gare shi, uwarta ta rasu, kuma tun tana ƙarama take son dawaki kamar me. Lokacin da aka kawo Azuki ta riga ta zama budurwa. Duk sanda ta leƙa barga sai ta ji bugun nan da tsawa: "Fita! Wa ya kira ki?" Da ta gaji sai ta tattara kayanta ta tafi birni, ta kama aiki a gidan burodi. Sai bikin sabuwar shekara take leƙo gida.

Akwai igiyar ragama da Genzo ya tufka da hannunsa, ta yi baƙi da gumi, kullum tana rataye a ƙusa a bakin barga. Wannan igiya kowa ya san ba a taɓa ta. Ko kallon ta ka cika yi sai ya tambaye ka abin da kake nema.

Ranar bikin girbi kuwa nan yake baje kolinsa. Sai ya kawo Azuki tsakiyar fili ya ce da samari, "Ku kawo igiyarku. Wanda ya motsa ta daga nan, yau shi zan yi wa goyo har gida." Samari su taru su yi ta ja, ta kafe, ta kwantar da kunnuwa. Sai ya juya baya ya yi ɗan tsaki, ta biyo shi ba igiya, hancinta a kafaɗarsa. Jama'a su tafa. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba, abin yana da ban sha'awa.

Mutum ɗaya ne ba ya tafawa, wato Tokuji mai gyaran kofato. Tare suka tashi da Genzo, shi ya sa shi kaɗai yake iya gaya masa magana.

Wata rana yana yi wa Azuki sabon takalmin ƙarfe, Genzo yana riƙe da ƙafar kamar kullum, sai Tokuji ya ce, "Bar ni in ɗaga ƙafar nan da kaina yau, ko sau ɗaya."

"Yi aikinka, tsoho. Kai ka yanke, ni in riƙe."

"Wa kake ce wa tsoho? Kai da furfura ta fito maka har a kunne! Ina tambayarka, ranar da ka kwanta fa? Wa zai shiga wajenta?"

"Ka taɓa ganin na kwanta?"

"Ban gani ba. Amma na ga babanka ya kwanta, shi ma haka yake cika baki."

Genzo ya yi dariya. "Ni da Azuki rana ɗaya za mu tafi. Kai dai ka tanadi baƙaƙen kayanka na makoki."

Tokuji ya tofar da ƙusar da ke bakinsa ya ce, "Wannan ba horo ba ne, mutumina. Kishi ne."

Genzo ya yi kamar bai ji ba.

Wata safiya, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu, Genzo ya zauna gaban shinkafarsa da romon miso, wato daddawar waken soya. Ya ɗauki kwano, kwano ya zame daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya bi shi ƙasa.

Haniniyar Azuki ce ta kira Tokuji, don lokacin abincinta ya wuce tana ta dukan ƙofa. Shi ya tarar da abokinsa a kwance, baki ya karkace.

Genzo ya yi watanni a asibitin birni. Da aka dawo da shi zafi ya riga ya shigo, shinkafa ta yi kore shar a gonaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, a keken marasa lafiya ake tura shi. Hankalinsa yana nan garau, yana ji, yana ganewa. Amma magana ta tafi. In ya buɗe baki ba abin da ke fita sai wani gurnani, "Aaa… aaa…" Rubutu ma ya gagara, in aka ba shi alƙalami sai ya yi ta kallonsa.

Sumie ta bar aikinta ta dawo gida jinya. Tun a mota ya yi ta nuna hanyar barga da haɓa, don haka ko ɗaki ba ta kai shi ba, can ta fara tura shi.

Abin da ya tarar ba shi da daɗin gani.

Duk watannin nan ba wanda ya iya shiga wajen Azuki. Ta saman katako ake jefa mata ciyawa, da dogon manjagara ake jawo kashi daga waje. Gezarta ta cukurkuɗe. Kofatanta sun yi tsawo sun baje, takalmin ƙarfe ɗaya ya goce, ƙusarsa ta shige mata nama. Tana tsaye ta ɗage ƙafar gaba ta hagu, bakin kofaton kawai ke taɓa ƙasa.

Ta ji ƙarar keken ta ɗaga kai. Sai ta shaƙi iska, ta yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa, ta ɗingiso har bakin katako. Ta sauke kanta daidai ƙirjinsa ta tsaya, kunnuwa a miƙe. Jira take ya gaya mata abin da za ta yi.

Genzo ya tattara duk ƙarfinsa a harshe zai yi tsakin nan da ta sani. Yawu ne ya zubo masa a haɓa. Ya sake gwadawa. "Aaa…"

Azuki ta juya kunne ɗaya, ta ci gaba da jira.

Washegari likitar dabbobi ta zo, wata mata mai suna Oikawa. Da doguwar sanda ta soka wa Azuki allurar barci daga waje, sannan ita da Tokuji suka shiga. Aka cire takalman, aka fasa kofaton, mugunya ta yi ta zuba. Aka wanke aka ɗaure.

Likita ta fito tana cire safar hannu, ta dubi Sumie, ta kuma dubi Genzo, don ta san yana ji.

"Yau mun samu sa'a, amma ba zan riƙa sa ta barci kullum ba, jikinta ba zai ɗauka ba. Ƙafar nan tana son wanki safe da yamma, da ruwan gishiri mai ɗumi, a sake ɗauri. Sai wani ya shiga ya ɗaga ta, ita kuma ta yarda."

Sumie ta ce, "In ba a samu ba fa, Likita?"

"Ba wannan ƙafar nake tsoro ba, 'yar'uwarta nake tsoro. Duk nauyin gaba yanzu yana kan ta dama. Dabba mai wannan girma ba ta daɗewa a ƙafa uku. Ranar da ta dama ta gaza, ba ni da sauran magani."

Tokuji ya kalli abokinsa, ya buɗe baki zai tuna masa gargaɗin da ya yi masa, ya fasa. Da ma ya faɗa, da ya fi wa Genzo sauƙi.

Da safe Sumie ta sa takalman roba, ta ɗauko wata igiya da Tokuji ya ara mata, ta tura babanta bakin barga ta shiga. Ta miƙa hannu tana lallashi, "Zo mana, 'yar kirki, zo."

Azuki ta ja da baya a kan ƙafa mai ciwo, har sai da ta yi nishi. Sannan ta juyo ta kalli Genzo, ta kalli aljihunsa.

Tuffarta take jira. Ta yi abin da aka koya mata, ba ta yi kuskure ko kaɗan ba.

Da ƙyar Sumie ta maƙala igiyar a ragama. Daga nan sai ta yi abin da kowane baƙo yake yi: ta tsaya a gaban goɗiyar, ido cikin ido, ta kama ja da hannu biyu. Azuki ta ɗaga kai ta kafe.

Komai yana cikin kan Genzo, tsaf kamar a tafin hannu. Ba a tsaya wa doki a gaba, a kafaɗa ake tsayawa. Ba a kallonsa cikin ido. Ba a ja, ɗan taɓawa ake yi, kuma da ya motsa ko da gashi ɗaya ne sai a saki. Sakin ne ke koya masa, ba jan ba. Magana ce da ba ta fi a faɗe ta cikin numfashi ɗaya ba, ga 'yarsa nan kusa, amma ba hanya.

Ya yi gurnani, ba ta juyo ba. Sai ya ɗaga hannun hagu ya buga hannun keken, bam! Bam!

Azuki ta zabura ta ja da baya, igiya ta ƙona tafin Sumie. Ita kuma ta tsaya cak. Ta juyo a hankali, idonta ya kawo ruwa.

"Har yanzu, Baba? Kana cikin wannan halin, ita tana cikin wannan halin, har yanzu korata kake yi?"

Ya girgiza kai da ƙarfi, amma ta riga ta jefar da igiyar.

"Na bar aikina, na bar ɗakina, na zo ina wanke ka ina ba ka abinci a baki. Ban ce ka gode mini ba. Amma in ka fi so ta ruɓe a tsaye da in taɓa ta, to ga ta nan, taka ce!"

Ta wuce cikin gida. Aka bar shi a bakin barga shi da goɗiyar, suna kallon juna, ƙudaje suna sauka a ɗaurin ƙafar. Ko keken bai iya juyawa da kansa ba.

Kwanaki suka shuɗe a haka. Tokuji ya gwada, Azuki ta juya masa baya ta nuna za ta yi harbi, ya fito yana zagin tsufansa. Ɗaurin ya yi baƙi, wari ya fara tashi. Genzo ya daina cin abinci sai an matsa masa.

Wata rana bayan abincin rana Sumie tana goge masa baki da ɗan tawul, sai ya damƙe bakin tawul ɗin da hannun hagu.

"Saki mana, Baba."

Ya ƙi. Ta ja, ya ƙara damƙewa. Ta ja da ƙarfi, ya kafe ya ɗaga kai sama.

"Wai yau kuma me ya same ka? Ni ba ni da lokacin wasa."

Sai ya sassauta, ya kalle ta, ya ɗan ja tawul ɗin wajensa, a hankali ƙwarai. Hannunta ya ɗan biyo. Nan take ya saki gaba ɗaya, ya ɗora tafinsa a bayan hannunta ya shafa.

Sumie ta kalli hannun nata. Rabon da babanta ya shafa hannunta tun tana 'yar makaranta.

Ya sake kama tawul ya ɗan ja. Ta biyo. Ya saki, ya shafa. Sannan ya juya haɓarsa wajen barga.

Ta kalli barga, ta kalle shi. "Wai… kar in ja ta? In ɗan taɓa, da ta motsa in saki?"

Ya gyaɗa kai har keken yana rawa.

"Kenan ran nan ba korata kake yi ba?"

Ya girgiza kai, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ya shanye.

Ta durƙusa ta kifa goshinta a gwiwarsa. "Baba, tun ina budurwa nake jin bugun nan. Ta yaya zan san wannan karon kirana kake yi?"

Daga ranar tawul ya zama makarantarsu. Ya kama rigarta ya jawo ta gefen kafaɗarsa, ta gane inda ake tsayawa. Ya juya mata fuska gefe, ta gane ba a kallon ido. Tokuji ya zo ya same su a haka ya riƙe haɓa.

"Tabɗi! Genzo ya zama doki. Dama na daɗe ina zargi. 'Yata, ki yi hankali da shi, wannan yana cizo."

Sumie ta yi dariya, ta farko tun dawowarta.

Amma da suka koma barga sai wata matsala ta fito. Muddin Genzo yana wurin, Azuki ba ta ganin kowa. Sumie ta taɓa igiya, goɗiyar ta juya ta kalle shi tana neman izini.

Shi ya fara ganewa. Ya nuna wa Tokuji rumbun itace da ke can gefe.

"Can kake so in kai ka? Bayan bango?"

Ya gyaɗa kai.

Tokuji ya tura shi can bai yi tsokana ba. Mutumin da ya yi shekaru yana korar jama'a daga bargarsa, yau taimakon da ya rage masa shi ne ya kori kansa. Ta wata 'yar kafa tsakanin katakai yake leƙe, cikin zafi da kukan gyare, ba ya iya gyara kowa, ba ya iya yaba wa kowa.

Sumie ta yi haƙuri irin wanda ban taɓa gani ba. Ta tsaya a kafaɗar Azuki tun safe har rana ta take, ba ta neman komai. Ta kai ga taɓa wuya. Ta kai ga tsefe geza. Wata rana ta ɗan taɓa igiya, goɗiyar ta sauke kai, ta saki. Wata rana hannunta ya sauka har kafaɗa, daga baya har gwiwa.

Genzo yana ganin duk wannan, yana kuma ganin abin da ita ba ta gani. Azuki ta fara jingina da bango. Ta fara tura ƙafafun gaba can gaba tana zama a kan na baya. Gumi yana tsattsafo mata ko da inuwa. Ya san aikin da 'yarsa take yi daidai ne, ya kuma san aiki ne na shekara, ba na makonni ba. Lokacin da ya kamata a yi shi, yana tsakiyar fili ana tafa masa.

Wata safiya Sumie ta shafa bayan gwiwar hagu, kamar yadda ya nuna mata a nasa hannun. Azuki ta ɗaga ƙafar ta sa mata a hannu.

Tokuji ya yi ƙasa da murya. "Ta ba ki! 'Yata, ta ba ki! Riƙe, ga ruwan nan."

Kafin ya matso da bokiti goɗiyar ta yi wani nishi mai tsawo, ƙafar dama ta lanƙwashe, ta sauke ta hagun da sauri ta jingina da bango. Jikinta duk yana karkarwa.

Aka kira Likita Oikawa. Wannan karon ba a nemi doguwar sanda ba. Sumie ta riƙe ragama, likita ta shiga ta tattaɓa kofaton dama, ta daɗe a sunkuye. Da ta miƙe ba ta kalli kowa ba.

"Ƙashin ya nutse a cikin kofaton. Da tun farko muka samu haka…" Ta goge hannunta. "Barinta a haka zalunci ne, sai dai a hutar da ita da allurar mutuwa. Ku yi haƙuri."

Sumie ta ce, "Amma ta yarda fa, Likita. Yau ta yarda. Kin gani da idonki."

"Na gani. Kin yi ƙoƙari."

Tokuji ya je ya turo Genzo daga bayan rumbu, ya tsuguna a gabansa. "Ka ji dai. Akwai kuma wata magana, ka san ta. Ba za a yi a ciki ba. In ta faɗi a nan sai an rushe bango kafin a fitar da ita. Dole ta fito da ƙafarta har bakin hanya, inda mota za ta iya zuwa. In ta ƙi, sai dai igiyoyi da tarakta, da ranta."

Genzo ya runtse ido. Ya taɓa ganin an ja doki haka tun yana yaro, bai manta kukan ba.

Aka sa washegari da safe.

Gari ya waye da hazo a kan duwatsu. Likita ta yi wa Azuki allurar rage zafi a wuya. Sumie ta ɗauko igiyar aro za ta maƙala, sai ta ji gurnani a bayanta. Genzo ya ɗaga hannu zai buga keken, ya tuna, ya sauke shi a hankali. Ya nuna ƙusar bakin barga.

"Wannan, Baba? Taka?"

Ya gyaɗa kai.

Ta sauko da ita, ƙura ta tashi. Ta maƙala a ragama, ta tsaya a kafaɗar goɗiyar, ta kalli hanya. Ta ɗan taɓa igiyar.

Azuki ta juyo ta kalli Genzo.

Shi kuwa ya yi abin da ya fi komai yi masa wuya a rayuwarsa. Ya kawar da fuskarsa gefe, ya kalli ƙasa.

Goɗiyar ta daɗe tana jira. Sannan ta sauke kai, ta ɗaga ƙafa, ta taka. Sumie ta saki igiyar ta shafa mata wuya. Ta sake taɓawa, ta sake takawa. Haka suka ratsa tsakar gida, a tafi a huta, igiya a sake tana lilo tsakaninsu. Maƙwabta sun fito sun tsaya a bakin gonaki, waɗanda suka saba tafawa ranar biki.

Da Genzo ya ɗago kai sun kusa bakin hanya. Hancin Azuki yana kafaɗar Sumie, daidai inda take sa shi a tasa. Rabon da ya ga abu mai kyau haka ya manta. Wannan ce tafiyar farko da Azuki ta yi a bayan wani mutum da ba Genzo ba, ita ce kuma ta ƙarshe.

Tokuji ya juya keken ya ba hanya baya, ya dafa kafaɗar abokinsa. Can suka ji ƙasa ta amsa, Azuki ta faɗi.

Bayan wani lokaci Sumie ta dawo, idonta jawur, igiyar a naɗe a hannunta. Ta ɗora masa a cinya. Da sauran ɗumi a jikinta, da jan gashi a maƙale.

Genzo ya kalle ta. Ya ɗauka da hannun hagu, ya kamo hannun 'yarsa, ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

Ta kalli igiyar, ta kalli bargar da ke buɗe ba kowa a ciki.

"Baba, me zan yi da ita yanzu?"

Shi ma ya juya ya kalli bargar, sannan ya sunkuyar da kai.

Darasi: Duk abin da ka iya, ka koya wa na kusa da kai tun kana da baki da ƙarfi. Wanda ya shirya komai don kada ya yi tafiya sai da shi, ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya cuci abin da yake so, don ranar da zai kwanta tana nan tafe. Ka miƙa igiyar tun da sauran abin da za a ja da ita. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san ya riƙe sana'a ko gida shi kaɗai ya hana kowa taɓawa.